Yadda Ake Karatun Zayyana a Jami'a Har a Ci Abinci da Shi: Jagora Ga Matasan Kebbi

Duk shekara idan aka buɗe sayar da fom ɗin JAMB, ba na rasa yaro biyu ko uku da za su tsaya bakin shagona a Birnin Kebbi, waya a hannu, su nuna mini fastar da suka haɗa da PixelLab ko Canva, sannan su ce, “Yaya, wane kwas ake cikewa in mutum yana son zama mai dizain?” Wasu tare da mahaifinsu suke zuwa. Uban ya zauna kan benci, a gaisa, ya tambaye ni kai tsaye ko wannan abu yana riƙe iyali. Na yi wannan karatu a Zariya, na dawo gida na buɗe shago, kuma na raka ƙanne da yaran shago da dama tun daga cike fom har ranar da suka karɓi kuɗin aikinsu na farko. Abin da nake faɗa musu shi na tattara a nan. Ina cewa “ka”, amma har da ke nake, domin wannan aiki ne da mace za ta yi daga ɗakinta ta fi maza da yawa.

Ka riƙe abu guda tun yanzu. In ka cire aikin gwamnati da koyarwa, ba kasafai ake tambayar takardar digiri a sana'ar nan ba. Mai ba da aiki cewa yake yi, “Nuna mini abin da ka taɓa yi.” Gani ya kori ji. Saboda haka duk matakan nan wuri ɗaya suka nufa: ranar da za ka bar jami'a ya zama kana da takarda, kana kuma da kundin ayyukan da aka buga, mutane suka yi amfani da su.

Kayan da za ka tanada

Na farko ba kwamfuta ba ce. Littafin zane ne mai farar takarda marar layi, girman A4 ko A3, da fensura HB da 2B da 4B da 6B, da magogi mai laushi, da rula ta ƙarfe, da wuƙar yankan takarda, da tef ɗin takarda, da kalar fasta da buroshi uku masu girma daban-daban. Idan ka shiga makaranta za a ce ka kawo allon zane da rula mai kai irin ta masu zanen gini. Kafinta zai yi maka allon da filawud, ya fi na kanti sauƙi nesa ba kusa ba.

Sai kwamfutar tafi-da-gidanka. Ka nemi mai Core i5 ko sama, RAM ɗinta kada ya gaza 8GB, in da hali 16GB, ma'ajiyarta kuma ta kasance SSD. 'Yar gwanjo tana aiki lafiya, amma ka tafi da wanda ya san kan abin, a cire caja a ga minti nawa batir zai riƙe, a buɗe farin shafi a duba ko gilashin yana da tabo ko ya ja zuwa rawaya. Gilashin da ke yi maka ƙarya a kala zai sa ka yi ta asara ba ka san dalili ba. Araha ba ta ado. Ka haɗa da linzami na daban, da filashi biyu, da asusun Google Drive inda za ka riƙa ajiye kwafin aikinka. Zafin Kebbi da ƙurar hunturu abokan gabar kwamfuta ne: kada ka ɗora ta kan katifa tana aiki, ka sa mata jaka, ka kai a busa mata ƙura lokaci-lokaci.

In babu kuɗin kwamfuta a shekarar farko, kada hakan ya hana ka tafiya. Aikin aji ɗaya yawanci na hannu ne. Waya da littafin zane za su riƙe ka, ka riƙa tara kuɗin a hankali.

Mataki na 1: Gwada kanka kafin ka sayi fom

Ka ware wata uku, kullum rabin awa, ka zana abin da ke gabanka: buta, kwano, albasa da aka raba biyu, takalmi, kwale-kwale a bakin gulbi in kana Yauri ko Argungu. Ka rubuta kwanan wata a ƙasan kowane shafi, kada ka yage ko ɗaya komai muninsa. Ba gwaninta ake nema ba, juriya ake gwadawa. Wanda ya kasa zama rabin awa da fensir ba zai iya kwana a situdiyo yana gyara tazarar haruffa ba.

A cikin watannin nan ka riƙa yawo da ido a kasuwa. Dubi allunan shaguna, da buhunan shinkafa, da ledar burodi, da rubutun bayan tirela. Wanne ka karanta daga nesa ba tare da ka tsaya ba? Wanne aka cunkusa masa kala bakwai har sunan shagon ya ɓace? Ka ɗauki hoto, ka sake zana mummunan a littafinka yadda kake ganin ya kamata. Wannan shi ne zayyana, sauran duk ƙari ne.

Mataki na 2: San sunan kwas ɗin da makarantar da ke yinsa

Nan ne yara da yawa suke ɓata. Suna buɗe littafin kwasa-kwasan JAMB suna neman inda aka rubuta zayyanar kwamfuta, ba su gani ba, sai su cike Computer Science, su yi shekara huɗu suna fama da lissafi da rubutun manhaja. A jami'o'inmu wannan fanni yawanci reshe ne a cikin kwas mai suna Industrial Design, ko kuma Fine and Applied Arts. Kana shiga gaba ɗaya, daga baya ka zaɓi ɓangaren girafik, wasu su zaɓi na yadi, wasu na yumɓu.

Wadda muka fi zuwa daga nan ita ce Jami'ar Ahmadu Bello, a harabarta ta Samaru. Tun kafin a kafa jami'ar a 1962 ana koyar da zane a Zariya, kuma a can ne ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958. Garin kuma tsohon garin ɗab'i ne, a nan aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Bayan Zariya akwai Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi, da Jami'ar Modibbo Adama a Yola, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Akure, duk suna da Industrial Design. Jami'ar Nsukka ma tana koyar da zane. A jami'o'in fasaha digirin shekara biyar ne, kuma sukan nemi darussan kimiyya.

Kana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO ko NABTEB, har da Turanci da lissafi. Darussan da za ka rubuta a JAMB huɗu ne, Turanci dole, sauran ukun kuma sun danganta da makarantar da ka zaɓa. Kada ka karɓi wannan daga bakin mai kafe ko aboki. Ka buɗe littafin JAMB na shekarar da kake ciki, ka karanta layin makarantarka da idonka, har da sharuɗɗan musamman da ake rubutawa a gefe. In da hali ka je sashen da ƙafarka ka tambayi jami'in ɗaukar ɗalibai, zuwa da kai ya fi aike. Na ga yaro ya ci maki mai kyau ya rasa gurbi saboda darasi ɗaya da bai dace ba.

Mataki na 3: Zauna da iyaye

Ka yi wannan kafin cike fom, ba bayan sunanka ya fito ba. Abu biyu za su tambaya. Na farko kuɗi: ka faɗa musu gaskiya cewa kwas ne mai cin kayan aiki, kusan kowane mako sai an sayi takarda ko kala ko an biya kuɗin bugu, ban da kuɗin makaranta. Ka nemi tallafin karatu na jiha, ka kuma duba rancen ɗalibai na NELFUND da aka fara bayarwa a 2024 ga masu karatu a makarantun gwamnati.

Na biyu zanen abu mai rai. Kada ka ɓoye: a shekarun farko akwai darasin zane na gama-gari, kuma a ciki ana zana mutum. Ka kai maganar gaban malamin da gidanku ya yarda da shi, ka ji abin da zai ce. Ka kuma nuna wa Baba cewa aikin da za ka rayu da shi haruffa ne da tambari da tsarin shafi, ɗan'uwan zayyanar da ake yi wa allon mai sauka da gefen Alƙur'ani rubutun hannu. Na lura dattawa sun fi natsuwa idan aka ɗauko musu zancen ta nan.

Mataki na 4: Cike fom, da abin yi idan ba a samu ba

Sai da lambar NIN ake rajistar JAMB. Ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a NIN da sakamakon sakandare, ka yi amfani da layin wayarka na kanka, ka adana shi. Bayan jarrabawa ka ɗora sakamakon sakandarenka a shafin JAMB, ka bi tantancewar jami'ar, ka riƙa leƙa CAPS, sashen shafin JAMB da ke nuna wanda aka ɗauka, don a nan ake karɓar gurbi.

Idan ba ka samu ba, hanyoyi suna nan. Ka yi IJMB, karatun share fagen shiga jami'a, ka shiga aji biyu kai tsaye. Ko ka yi difloma a kwalejin fasaha a fannin zane ko ɗab'i, ko NCE a Fine and Applied Arts, sannan ka nemi shiga aji biyu da ita. Wasu daga cikin waɗanda suka fi mu hannu a ajinmu ta wannan hanya suka zo. In kuwa hali ya sa dole ka tsaya kusa da gida, a jami'ar Kalgo ko ta Aliero ko kwalejin fasaha ta Waziri Umaru, ka karanta abin da ka samu, da yamma ka zama yaron shago a madaba'a. Shekarar jira ma a madaba'a za ka yi ta, ba a majalisar bakin titi ba.

Mataki na 5: Shekarun farko a situdiyo

Za ka zo da zumuɗin kwamfuta a ce ka ja layuka ɗari da hannu, ka haɗa kala da buroshi, ka rubuta haruffa da rula. Kada ka raina. Abu huɗu ake dasa maka, kuma da su za ka ci abinci har tsufa.

Na ɗaya, fifiko: a kowace fasta akwai abin da ido zai fara gani, da na biyu, da na uku. A katin biki sunayen ango da amarya ne, sai rana, sai wuri. Idan komai ya yi girma, babu abin da ya yi girma. Na biyu, sarari: wurin da ka bari babu komai shi ke ba rubutu numfashi, kuma a nan za ka yi ta fama da kwastoma, don mutanenmu suna ganin sun biya kuɗin takarda dole a cika ta. Na uku, haruffa: salo biyu sun isa aiki ɗaya. Na huɗu, kala: wadda ke fitowa kan wata, da wadda ke nutsewa. Jan rubutu kan kore yana wahalar da ido, baƙi kan rawaya kuwa ana karanta shi daga tsallaken titi. Dubi tutar Najeriya da Michael Taiwo Akinkunmi ya tsara a 1959: kala biyu, gida uku, yaro ɗan firamare ma zai zana ta daga ka.

Akwai kuma ranar da ake liƙa aikin kowa a bango malami ya bi ɗaya bayan ɗaya yana fiɗa. Ranar farko da zafi. Ka riƙe biro ka rubuta abin da aka ce, ka gyara, ka koma masa da shi. Kuskuren da na fi gani shi ne barin aiki sai daren miƙawa, da kuma sakaci da darussan gama-gari da tarihin zane, alhali makinsu yana shiga lissafin digiri kamar na situdiyo.

Mataki na 6: Koyi manhaja, ka koyi shirya aiki don bugu

Ka fara da CorelDRAW. Ita ce yaren madaba'un Najeriya, daga Shomolu a Legas har shagon da ke bayan tasharku. Sai Photoshop don gyaran hoto, Illustrator don tambari, InDesign don littafi da mujalla, Figma don tsara fuskar manhajar waya da shafin intanet. Idan babu kuɗin lasisi, Inkscape da GIMP da Scribus kyauta ne kuma suna aiki sosai. Kada ka ɗauke su duka lokaci guda. Ɗaya a kowane zango ya wadatar.

Abin da ke raba ɗan koyo da ƙwararre shi ne abin da ke faruwa tsakanin gilashin kwamfuta da takarda. Gilashi da haske yake haɗa kala, daga ja da kore da shuɗi, shi ake kira RGB. Injin bugu da tawada huɗu yake aiki, shi ne CMYK, K ɗin shi ne baƙi. Koren nan mai walƙiya da kwastoma ya gani a wayarsa ya yaba, idan ya hau takarda sai ya dushe. Don haka duk aikin da za a buga, a CMYK za ka fara shi, kuma ka gaya wa mai aiki tun farko cewa takarda ba ta haske kamar waya. Ƙananan baƙaƙen rubutu ka sa su baƙi zalla, K 100, sauran ukun sifili. In ka haɗa su da tawada huɗu, da inji ya ɗan goce sai rubutun ya yi inuwa.

Hoton da za a buga a kati ko littafi ya kai dpi 300, wato ɗigo 300 a kowane inci, a girman da zai fito. Hoton da ya bi ta WhatsApp an matse shi, ka ce a sake turo maka shi a matsayin fayil. Fileks, wato babbar fastar roba, da za a kalla daga nesa ba ya buƙatar haka, 100 zuwa 150 ya isa, kuma da ƙafa ake auna shi, da ƙafa ake yi masa kuɗi. Duk inda kala ta kai bakin takarda ka zarce da ita milimita 3 bayan layin yanka, rubutu kuma ka janye shi ciki, don wuƙar yanka ba ta faɗa daidai ko yaushe. Kafin ka miƙa fayil ka mayar da rubutun zane, a CorelDRAW Ctrl da Q ne, amma ka ajiye kwafin da ba a mayar ba saboda gyara. Ka kuma fitar da PDF ka buɗe shi a wata kwamfuta ka gani.

Ka san takarda da hannunka, da gsm ake auna nauyinta: 80gsm ta ofis, 135gsm ko 150gsm mai sheƙi ta fasta, 300gsm ta kati. Ka san lokacin da aiki kaɗan ne a kai shi injin DI mai buga aiki kai tsaye daga kwamfuta, da lokacin da ya kai dubbai a yi masa filet, wato farantin ƙarfe mai ɗauke da zanen, a hau babban inji.

Mataki na 7: Riƙe haruffan Hausa da ajami

A nan za ka fi wanda ya zo daga wani wuri, kuma da wuya a zaunar da kai a koya maka shi a aji. Salon haruffa da yawa, musamman masu ado da ake saukewa kyauta, ba su da ɓ da ɗ da ƙ. Kana rubutawa sai akwati ya fito, ko kwamfuta ta aro harafin daga wani salo ya tsaya kamar baƙo a tsakiyar kalma. Masu gaggawa sai su cire ƙugiyar, “ƙasa” ta koma “kasa”, “ɗa” ya koma “da”, “ɓata” ta koma “bata”.

Ni ma ya taɓa cin ni. A farkon buɗe shago na kai katin walima guda 500 wata madaba'a ba tare da na mayar da rubutun zane ba. Kwamfutarsu ba ta da salon da na yi amfani da shi, duk ɗ da ƙ suka zama akwatuna, ba wanda ya lura sai da aka yanke. Daga aljihuna na sake bugawa, kuma ban ga laifin mai walimar ba da ya ɓata rai, don sunan mahaifinsa ne ya lalace.

Ka tara salon da ka gwada ka tabbatar. Noto Sans da Charis SIL da Gentium da Andika duk kyauta ne kuma suna da haruffanmu, manya da ƙanana. Duk sabon salo, ka fara rubuta masa Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ ka gani. Idan mai aiki daga Nijar ne, kamar waɗanda ke shigowa ta Kamba, ka tuna su ƴ suke rubutawa inda muke rubuta 'y.

Larabci da ajami sun fi haɗari. Wasu manhajojin suna warware haruffan ko su juya su daga hagu, ga wanda bai iya karatu ba kuma ba zai gane ba. Duk aikin da ke ɗauke da aya ko hadisi, kamar kalandar Islamiyya ko takardar shaidar sauka, ka buga gwaji ka kai wa malami ya duba wasali da ɗigo kafin a hau inji. Kuma ka ba mai aiki shawara kada a sa aya a kan abin da za a yar a ƙasa bayan taro.

Haka ma ado. Maimakon ka sauko da furannin da kowa ke saukowa da su, ka je gidan tarihi na Kanta a Argungu da littafinka. Ka zauna wurin masu sassaƙar ƙwarya da dukawa da masu ɗinkin aska takwas, ka kwafi layukansu, ka mayar da su zane a kwamfuta. Dagin Arewa ba shi kaɗai muke da shi ba.

Mataki na 8: Watannin koyon aiki

Kafin shekarar ƙarshe za a tura ka koyon aiki na SIWES, yawanci wata shida. Kada ka nemi ofishin da za a sa maka hannu kana gida. Ka nemi madaba'a mai babban inji a Kaduna ko Kano ko Abuja ko Legas, ko kamfanin talla, ko gidan jarida. Ka tsaya kusa da mai tuƙa inji, ka ɗauki takarda, ka wanke abin da aka ce ka wanke. Shi zai nuna maka dalilin da ake jera shafukan littafi a kan filet ba bi da bi ba, da yadda ake lissafin kati nawa ke fita daga babbar takarda ɗaya. Lambobin wayar da ka tara a watannin nan su ne jarinka na farko.

Mataki na 9: Gina kundin ayyuka daga gida

Ka fara tun aji biyu. Duk hutu in ka dawo, ka nemi aiki na gaske guda biyu: tambarin mai yogot a unguwarku, sitikar mai yajin daddawa ko kilishi, buhun ƙaramin injin casar shinkafa, allon makarantar Islamiyya. Jiharmu tana da shinkafa da albasar Aliero da kifin Yauri, mafi yawa kuma ana sayar da su cikin buhu da leda marasa suna. In za ka yi buhu, ka fara tambayar kala nawa injin da zai buga yake ɗauka, ka tsara da biyu ko uku. A sitikar abinci ka bar gurbin lambar NAFDAC da ranar yi da ranar lalacewa, kuma kada ka taɓa ƙirƙirar lamba don kwastoma ya roƙe ka.

Kundin kada ya wuce aiki goma zuwa goma sha biyu, mafi kyawu kawai. Kowanne ka nuna zanen fensir na farko, da aikin da aka gama, da hotonsa a inda yake aiki, kan shago ko kan kanta. Ka ajiye shi a PDF, ka ɗora a Behance ko Instagram, ka kuma buga guda ɗaya da za ka riƙe a jaka. Aikin wani kada ya shiga ciki. Duniyar masu zayyana ƙarama ce, ana ganewa.

Aikin kammala digiri ma ka ɗauko shi daga gida. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, ko Uhola ta Zuru, ko Rigata ta Yauri, kowanne zai ɗauki cikakken tsari: tambari, fasta, alamun hanya, tikiti, riga. Irin wannan aikin kana iya ɗaukarsa bayan baje kolin ayyukan kammalawa ka shiga ofis da shi.

Mataki na 10: Zaɓi ƙofar da za ka shiga

A shekarar bautar ƙasa ka roƙi a tura ka inda ake buƙatar hannunka. Bayan nan ƙofofin da na ga mutane sun shiga sun zauna su ne waɗannan. Madaba'a, a matsayin mai shirya aiki kafin bugu, ita ta fi saurin samuwa. Gidajen jarida da talabijin da masu buga littattafai suna neman mai tsara shafi da bango. Ƙungiyoyin da ke wayar da kai kan rigakafi da zazzaɓin cizon sauro da karatun 'ya'ya mata kullum suna buƙatar fasta da Hausa, kuma wanda ya iya gyara fassarar da ta karkace yana da daraja biyu a wurinsu. Akwai sassan yaɗa labarai na ma'aikatu, akwai koyarwa ga wanda ya ƙara diflomar ilimi ya yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai. Tsara fuskar manhaja da zane mai motsi su suka fi kawo kuɗi, kuma ana yinsu daga Jega ko Zuru in akwai sola da intanet mai ƙarfi, ta shafukan neman aiki irin su Upwork ko Fiverr ko kai tsaye da kamfani.

Kakar siyasa tana kawo aiki kamar ruwan Agusta, tana kuma ɗaukewa kamarsa. Ka yi, amma kada ka gina shago a kanta, kuma kuɗi a hannu kafin bugu.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke haɗa hoto cikin daƙiƙa sun rage kuɗin ƙananan fastoci, ba na musun haka. Ka koye su ka yi aiki da su. Amma har yanzu sai an sami mutumin da zai zauna da Hajiya mai turaren wuta ya gane abin da take nufi, ya tabbata ƙugiyar ƙ tana nan, ya tsaya kan inji har kalar ta fito.

Mataki na 11: Yanka farashi da karɓar aiki

In shago za ka buɗe, ka yi rajistar sunan kasuwanci da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka buɗe asusun banki da sunan. Ma'aikatu da ƙungiyoyi sun fi yarda da biya ta nan. Ka raba kuɗin zayyana da kuɗin bugu a takardar farashi, don mutane su saba cewa tunanin ma abin biya ne. Wajen lissafi ka haɗa awannin da za ka yi, da mai ko cajin sola, da data, da kuɗin motar da za ta kawo kaya daga Sakkwato ko Kaduna, sannan ribarka.

Kafin ka taɓa linzami ka karɓi kafin alƙalami, rabin kuɗi a ƙalla, kuɗin bugu kuwa cikakke. Ko ɗan'uwa ne ka faɗa da ladabi: “Kawu, takarda da tawada ba nawa ba ne, sai na biya ake ba ni.” Ka ce gyara sau biyu yana cikin kuɗin, na uku da nasa. Rubutun da za a sa a aiki a turo maka shi a rubuce, kada ka karɓi sunaye da ranaku ta kiran waya. Samfurin da za ka tura a duba ka sa masa sunan shagonka a tsakiya, mai ƙaramin nauyi, har sai an cika kuɗi.

Idan an gama, ka tura samfurin ƙarshe ka ce, “Alhaji, a duba suna da rana da lambar waya harafi-harafi, in sun yi a rubuto mini ‘a buga’.” Ranar Hijira da ta Miladiyya ka gwada su da kalanda ka ga sun faɗa rana ɗaya ta mako, lambar wayar kuma ka kira ta da kanka ka ji wanda zai ɗauka. Sai saƙon “a buga” ya shigo, ka ɗauki hotonsa ka ajiye cikin jakar aikin, sannan fayil ya tafi madaba'a.